Tun Ranar Ciniki Muke Rasa Gidajenmu

Duk shekara idan ruwan Agusta ya ɗauke, zancen majalisa ba ya wuce jaje. Katangar wane ta faɗi, ɗakin wance ya rufta, an fitar da wane daga gidan da ya saya da guminsa saboda magada sun kai ƙara. Sai mu ce Allah ya mayar da alheri, a shafa, a watse. Addu'a dole ce, ƙaddara kuma gaskiya ce, babu Musulmin da ke ja da ita. Amma ni dai na gaji da yadda muke jingina wa ƙaddara abin da muka ƙulla da hannunmu. Da yawa daga cikin gidajen da ake asara a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, tun kafin ruwa ya zo ko sammaci ya iso an riga an rasa su. Ranar ciniki aka rasa su, ranar da mai saye ya ji kunyar tambaya, mai sayarwa ya ɓoye abin da ya sani, dillali ya matsa don la'adarsa, shaidu kuma suka sa hannu a kan abin da idonsu bai gani ba.

Kowa ya san yadda ake yi. A shimfiɗa tabarma a zaure bayan La'asar. An riga an ba da kafin alƙalami tun jiya, don dillali ya rantse cewa akwai wani Alhaji daga Kano da zai zo da kuɗi a hannu gobe da safe. A aiki yaro ya yago falle ɗaya daga littafinsa na makaranta. A rubuta: ni wane na sayar wa wane filina da ke unguwa kaza a kan kuɗi kaza. Shi ke nan. Ba tsawo, ba faɗi, ba a faɗi wanda ke gabas da shi ko yamma ba, ba a faɗi yadda mai sayarwa ya mallake shi ba. Shaidu biyun da za su dangwala, ɗaya abokin dillali ne, ɗaya kuma wucewa ya zo yi aka kira shi. A kai wa mai unguwa ya buga hatimi, a raba goro. In mai saye ya yi ƙarfin hali ya ce, "To ina takardar da kai ka saya da ita?" sai fuska ta canja: "Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne? Ai mun zama ɗaya." Nan take sai kunya ta kama shi, har shi ne zai koma yana ba da haƙuri.

Wannan kunyar ce take ba ni haushi. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, ya sayar da shanunsa, ko ya karɓi giratutinsa bayan ya gama aikin gwamnati, sannan ya miƙa su a kan takardar da ko cinikin babur ba za a yarda a yi da irinta ba. Kuma muna kiran wannan mutunci, har da cewa zumunci ne. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma a cikinta aka yi umarni da kafa shaida idan an yi ciniki. Sahabbai ne farkon waɗanda aka yi wa wannan umarni, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. To mu su wane ne da za mu ce rubutu rashin yarda ne? Wanda ya fusata don ka nemi ganin takarda ya riga ya gaya maka abin da kake bukatar sani. Tashi ka sa takalminka.

Inda abin ya fi muni shi ne gidan gado, kuma a nan ne zuciyata ta fi tafasa. Uba ya rasu ya bar gida ɗaya, mata biyu, 'ya'ya maza da mata. Ba a raba ba, don an ce raba gida raba zumunci ne. Shekara ta zagayo, babban wa ya shiga matsi, ko aure ya taso masa, ko ya ci bashi. Sai ya kira dillali a asirce. Ƙannensa mata suna gidajen aurensu, wata a Ɗambatta, wata a Daura, wata a Zinder, babu wadda aka tuntuɓa. Uwar gida da amarya, waɗanda shari'a ta ba su tumuni su raba, a bakin maƙwabta za su ji cewa an sayar da ɗakin da suke kwana a ciki. In wata ta buɗe baki, a ce ba ta da kunya, tana jayayya da yayanta a kan abin duniya. Wallahi wannan zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi. Allah ne ya yanka wa mace rabonta, rabin na namiji a tsakanin 'ya'ya, kuma rabin nan nata ne, ba kyauta ba ce da wa zai ba ta in ya ga dama. Mutumin da ke sahun gaba a masallaci amma ya cinye kason ƙanwarsa, ya sani cewa gargaɗin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi game da cin taƙi ɗaya na ƙasar wani, bai ware ƙasar 'yar'uwa ba.

Kai kuma mai saye, kada ka ɗauka ka tsira don ka biya. Wanda ya sayar maka ba shi da ikon sayar da abin da ba nasa ba. Ko kasonsa kaɗai ya sayar daga gidan da ba a raba ba, a mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, sauran masu tarayya suna da haƙƙin shufu'a: su biya ka abin da ka biya, su karɓe. Ka yi fenti, ka sa tayil, ka haƙa rijiya, sannan wata rana a kawo maka sammaci. Don haka idan aka ce maka gidan gado ne, tambayarka ta farko ita ce an raba ko ba a raba ba, kuma wace kotu ko wane malami ya raba, ina takardar. In ba a raba ba, kowane magaji sai ya bayyana da bakinsa ya sa hannu, mata kafin maza, wanda ke nesa ya aiko da wakilci a rubuce. In akwai marayu ƙanana, kada ka taɓa sai da izinin alƙali. In suka ce wannan ya yi tsawo, bar musu gidansu. Araha ba ta ado.

Akwai kuma 'yan'uwanmu da ke zaune a Kano da Abuja da Legas, waɗanda suka sayi fili a gida suka bar shi a hannun Allah da na wani ɗan'uwa. Ku sani akwai abin da ake kira hauzi, yana nan a cikin Tuhfa, littafin da alƙalai ke dubawa. Idan wani bare ya shekara goma yana amfani da fili, yana gini yana rushewa, mai shi yana nan yana gani bai ce uffan ba kuma ba abin da ya hana shi magana, to da'awarsa na iya faɗuwa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo, ana kai shi shekara arba'in. Ba ina cewa duk wanda ke nesa ya rasa haƙƙinsa ba ne. Ina cewa shiru yana da farashi. Ka zo duk sallah ka wuce filinka ka ga wani ya kafa rumfa, ka ce ba komai ai na gida ne, gobe ya zuba harsashi. Ka kewaye filinka ko da layi biyu ne na bulo, in ka ba wani aron noma ko zama, ku rubuta cewa aro ne.

Sai maganar awon igiya. Gari yana faɗaɗa, wannan ba laifi ba ne. Kazaure ta yau ba ta jiya ba ce: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ɗalibanta masu neman ɗakin haya, ga ma'aikata, ga titin Kano zuwa Daura, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, wanda ya ratsa ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Duk wanda ke da gona a bakin gari ya ga kuɗi. Sai a ɗauko igiya da turaku, a yanka gona hamsin-hamsin, a bar lungun da ko amalanke ba za ta juya a ciki ba. Ba filin makaranta, ba na maƙabarta, ba hanyar da motar kashe gobara za ta bi. Mafi muni, ba hanyar ruwa. Ita ma an yanka ta an sayar.

Wanda ya tashi a Kazaure ko Roni ya san ƙasarmu ta duwatsu ce da kwari. Ruwan da ya sauka a kan tudu dole ya gangaro, kuma hanyar da ya saba bi tun zamanin kakanni ita zai bi. Kududdufan da ke cikin garuruwanmu ba ado ba ne. Daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina gidajen, su kuma suka zama matattarar ruwan unguwa. Yau ana cike su da shara, a zuba jar ƙasa tifa biyu a kai, a kafa turaku, a sayar wa baƙo ko talakan da ya ga sauƙi. A watan Maris fili ne sumul, busasshe, har da yara na ƙwallo. A watan Agusta ruwa ya dawo gidansa ya tarar da mutum da iyalinsa a ciki. Wanda ya sayar ya sani. Dillali ya sani. Wanda ya buga hatimi a unguwar aka haife shi, ya yi wanka a kududdufin nan yana yaro. Dukansu sun sani, suka yi shiru, suka raba kuɗi. In wannan ba ha'inci ba ne, a gaya mini sunansa. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A 2024 ruwa ya sake yi mana ɓarna. Bayan duk wannan, har yanzu ana sayar da hanyar ruwa.

Shawarata a nan gajeriya ce: kada ka sayi fili ko gida da rani in ba ka taɓa ganinsa da damina ba. In ciniki ya matso kuma ba za ka iya jira ba, ka je ba tare da dillali ba. Ka tsaya wurin mai shayi ko tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layi, ka tambaya ina ruwa ke bi in an yi mamako. Ka durƙusa ka dubi gindin katangar maƙwabta. Za ka ga layin da ruwa ya bari, wani lokaci har gwiwa, filasta ta kumbura tana zubowa kamar gari, ga farin gishiri-gishiri a jiki. In gidan da ake tallata maka shi kaɗai ne aka yi wa sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu, ka tambayi dalili. Ka shiga ɗaki ka ɗaga kai ka dubi silin, ka ƙwanƙwasa katakon rufi ka ji ko gara ta cinye cikinsa, ka leƙa masai ka ga nisansa da rijiya. Mai sayarwa kuma ya ji tsoron Allah: ɓoye aibi haramun ne, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa.

Kada gwamnati ta ɗauka na manta da ita. Tun 1978 dokar amfani da ƙasa ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A cikin birni shi ke ba da izinin mallaka, a karkara ƙaramar hukuma. Dokar ta ce ba a sayar da fili mai irin wannan izini ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, ko ta ƙaramar hukuma a karkara, kuma a 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba. Ma'ana, hatimin mai unguwa shaida ce mai amfani cewa an yi ciniki, amma ba ita ce takardar mallaka ba. Mutum nawa ne a Gwiwa aka taɓa zaunar da su aka yi musu wannan bayani da Hausa? An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 don a kawo mulki kusa da jama'a, amma mutumin Roni da takardarsa ke jiran sa hannu a Dutse, sai ya keta Jihar Kano kafin ya isa babban birnin jiharsa. Kuɗin mota, kuɗin safiyo, kuɗin fom, jeka-ka-dawo. Talaka ya auna ya ga ba zai iya ba, ya koma wa fallen littafin yaro. Sannan ranar da aka zo aikin titi ko layin dogo, a tambaye shi takarda. Kuma mutane su sani, a ƙarƙashin dokar nan, in an karɓi fili don amfanin jama'a, diyya a kan abin da ke bisa filin take, gini ko shuka ko itatuwa, ba a kan farashin da ka biya dillali ba. Masu rububin sayen fili a gefen layin dogo da fatan diyya mai tsoka su yi lissafinsu da wannan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, hukuma ba ta zuwa lokacin da ake kafa turaku. Ana yanka gona da rana tsaka, kowa yana gani. Ana zuba harsashi, ana kai linta, ana rufi, ba wanda ya ce kanzil. Sai bayan mutane sun tare, sun haifi 'ya'ya a ciki, sannan a zo da jan fenti a shafa wa bango. Me ya hana a riga mai igiya isa wurin? Shata titi da magudanar ruwa a gonar da ba a gina ba abu ne mai sauƙi da araha. Rushe unguwa kuwa hawaye ne da gaba ta har abada. Aikin hukumar tsara birane shi ne ta tsara kafin a gina, in ba haka ba me ake biyan ta albashi ta yi?

Gini kansa ma mun ɓata shi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kaya suka tashi, har buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon 2024. Na san da zafi. Amma abin da wasu masu buga bulo suka yi shi ne su ƙara yashi su rage siminti, su bar farashi yadda mai saye zai ji daɗi. Ka ɗauki bulo ka murza gefensa da yatsa ya zube. Irin wannan ake ɗora wa rufi, a kwantar da yara a ƙarƙashi. A Babura da ƙasarta rairayi ce, a haƙa harsashi taƙi biyu a ce ya isa. In za ka sayi bulo, ɗauki ɗaya ka sake shi daga tsayin ƙirjinka, in ya tarwatse ka nemi wani wuri. In kana da hali, sayi simintinka a buga a gabanka, a yi masa ban ruwa kwana da kwanaki kafin a ɗora. Gara ka gina ɗaki biyu masu ƙwari ka tsaya, da ka gina shida da za ka riƙa kwana da fargaba duk daren da hadari ya haɗo.

Iyayenmu da suka zauna a gidan ƙasa sun fi mu sanin cewa gida ba a gama shi. Kafin ruwan farko a hau soro a duba, a toshe tsaga, a gyara indararo, a yi yaɓe, masu hali su sa makuba. Azarar giginya tana shekaru aru-aru saboda ana kula da ita. Mu kuwa mun ɗauka da zarar an sa siminti da kwano an sallami gida har tashin ƙiyama. Kwano ɗaya ya ɗaga, a ɗora masa dutse. Yoyo ya fara, a tara bokiti. Kwata ta toshe da leda, a ce aikin ƙaramar hukuma ne, alhali ruwan gindin katangarka yake ci ba na ciyaman ba. Gidajen haya na ɗalibai kuwa abin ya fi haka: mai gida ba ya leƙowa sai ranar karɓar kuɗi, ɗan haya kuma ya ce ba gidan ubansa ba ne. A rubuta tun farko wa zai gyara rufi, wa zai kwashe masai, wa zai biya wuta. Watan Afrilu da Mayu su ne lokacin gyara. Abin da ƙusa goma da rabin buhun siminti za su tsayar a lokacin, in aka bari sai Agusta, sai an tayar da bango.

Dillalai, ban ce dukanku ɓarayi ba ne. Akwai na ƙwarai, waɗanda za su ce maka kada ka sayi wannan, akwai rigima a kai, su haƙura da la'adar. Amma ku kuka san waɗanda ke sayar da fili ɗaya ga mutum uku a cikinku, kuka bar su suna ɓata muku suna. Ku fitar da su.

Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, Allah ya ja zamaninku, hatiminku amana ce. Talaka yana ganinsa ya saki jiki. Kada ku buga shi a kan filin da ƙafarku ba ta taka ba, ko gidan gadon da ba ku ji ta bakin mata ba, ko wurin da kuka san hanyar ruwa ce. Kowane mai unguwa ya ajiye littafi guda da zai riƙa shigar da duk cinikin da aka yi a ƙasarsa, da iyakoki da sunayen shaidu da kwanan wata, yadda duk mai son saye zai iya zuwa ya duba. Ina roƙon masarautun Kazaure da Ringim su wajabta wannan ga hakimansu. Limamai su ware huɗuba guda kafin damina a kan cin gadon mata da sayar da hanyar ruwa, su kira abin da sunansa. Gwamna Malam Umar Namadi kuma, ranka ya daɗe, a sauƙaƙa takardar mallaka, a rage kuɗinta, a bayyana farashinta a fili da Hausa a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma, a kuma shata kududdufai da hanyoyin ruwa na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura a hana taɓa su kafin damina mai zuwa.

Kai kuma da ke shirin biyan kuɗin fili a wannan makon, riƙe kuɗinka tukuna. Je ka taka iyakokin da ƙafarka tare da maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, ka ga takardar asali da idonka, ka biya ta banki don ya zama akwai shaida, sannan a rubuta komai a gaban shaidun da kai ka zaɓa.